Sunan Baba Alkali za a sa wa sabon titin? Ku zo mu yi magana

Shugaban Zaure: Salamu alaikum 'yan uwa na gida da na waje. Kamar yadda kuka gani an gama zuba kwalta a titin da ya tashi daga tasha ya bi ta gaban tsohuwar kotu har bakin kasuwa, to kansila ya ce mu kawo sunan da za a miƙa wa ƙaramar hukuma. A zaman da muka yi bayan Juma'a dattawa sun fi karkata ga sunan marigayi Baba Alkali. Na ce bari in kawo nan kafin a rubuta takarda kada gobe wani ya ce ba a ji ta bakinsa ba. Don Allah a yi magana da ladabi akwai iyayenmu a cikin zauren nan.

Direban Legas: Ai wannan ba ya ma buƙatar shawara shugaba, a sa kawai. Allah ya jiƙan Baba Alkali

Maman Biyu: Amin ya Allah. Ni dai na goyi baya ɗari bisa ɗari, dalilina zan faɗa anjima in na sauke tukunya

Ɗan Bakin Kasuwa: Mu yaran yanzu fa sunan kawai muke ji, wai "kai ka ce Baba Alkali ne" in mutum ya ƙi cin hanci. Waye zai ba mu labarinsa tun daga tushe? Don in na ga allo da sunan mutum gara in san me ya yi

Tsohon Rajistara: Wa alaikumus salam. Ɗana ne yake rubuta min ina faɗa masa, ido ya yi rauni. Yaro ka yi tambaya mai kyau. Ni na zauna da shi tun ina ɗan saurayi, bayan samun 'yancin kai da kaɗan aka ɗauke ni masinja a kotunsa, ina share zaure ina shimfiɗa buzu ina kai sammaci ƙauyuka da keke, daga baya na zama magatakarda har na kai rajistara bayan ya bar aiki. Shi ba haifaffen garin nan ba ne, turo shi aka yi, amma a nan ya tsufa a nan aka binne shi. Karatunsa na zaure ne da farko wajen mahaifinsa, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, har Askari, sannan ya shiga makarantar shari'a ta Kano wadda aka buɗe a 1934 aka ɗauko malamai daga Sudan, ita ce a 1947 ta koma makarantar nazarin Larabci da kuke kira SAS. Makarantar da Malam Abubakar Gumi ya yi ke nan, shi ma ai ɗan alkalin ƙaramin gari ne, mahaifinsa ne alkalin Gummi. To Baba ya fara da muhuti a ƙarƙashin wani babban alkali yana rubuta shari'a da Larabci da ajami, shekaru yana wannan kafin En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin, ta ba shi kotu tasa. Tuhufa kuwa, littafin hukunce-hukuncen alkalai, a kansa take, sai ya rera baiti a tsakiyar shari'a sannan ya fassara wa masu ƙara da Hausa.

Ɗan Bakin Kasuwa: Baba mene ne muhuti? Mufti kake nufi mai fatawa?

Tsohon Rajistara: Asalin kalmar ke nan amma a kotunan En'e muhuti shi ne mataimakin alkali mai rubutu, yana zaune gefensa, in alkali ya yi tafiya shi yake riƙe ƙananan ƙararraki. Yawancin alkalai ta nan suka bi.

Malamin Firamare: Ni abin da na gani da idona zan faɗa ba ji na yi ba. Ina ɗan shekara goma ko sha ɗaya aka yi rigimar iyakar gona tsakanin kawuna da maƙwabcinsa a bayan rafi. Kowa ya kawo shaidu, kowa shaidunsa 'yan uwansa ne, an yi zama biyu ba a gama ba, sai Baba ya ce a tashi ranar Asabar da hantsi a haɗu a gonar. Ya zo a kan kekensa ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ɗan doka ɗaya a bayansa, mu yara muka bi su a guje. Iyakar layin gamba ce kowa ya san haka, maƙwabcin yana nuna gambar yana rantsuwa nan iyakar take tun kakanni. Baba bai ce masa komai ba ya tsuguna ya kama tushen gambar ya ɗan girgiza, sai ya ce a kawo fartanya a tona kunya ta uku daga nan ta ɓangaren maƙwabcin. Wlh ana tonawa sai ga tsofaffin saiwoyin gamba baƙaƙe a jere kaman an ja zare. Ashe mutumin shekara uku yana tura iyakar kunya ɗaya ɗaya duk damina yana dasa sabuwa. Abin da ya tsaya min a rai shine bai kunyata shi ba, ya ce "wataƙila ruwa ne ya kwashe maka ita, a mayar inda take", kowa ya yi dariya har shi mai laifin, aka dasa aka yi fatiha. Kawuna ya so a biya shi amfanin shekara ukun, Baba ya ja shi gefe, ban san me ya ce masa ba dai ya haƙura.

Direban Legas: Kai jama'a! Yau da sai an yi shekara bakwai ana ɗaga shari'ar nan lauyoyi sun cinye kuɗin gonar duka biyun

Barista: Yaya direba a bar lauyoyi su sha iska mana 😄 Amma tunda an zo nan, a lokacin lauya ba ya ma tsayawa gaban alkali, doka ba ta yarda ba. Yana da daɗi in alkalin na kirki ne, in kuma ka faɗa hannun mugu ba ka da kowa sai Allah. Kada mu manta da wannan gefen.

Maman Biyu: To na dawo. Ni mahaifiyata ce, Allah ya jiƙanta, ita ta ba ni labari da bakinta ba sau ɗaya ba. Auren farinta an yi mata shi tana ƙarama da wani da ba ta so, duka safe da yamma, ta yi yaji ya fi sau biyar ana mayar da ita da biko, daga ƙarshe ta je kotu ita kaɗai da goyo ba wanda ya raka ta don iyayenta suna jin kunyar dangin mijin. Mijin ya ce shi bai ƙi ba amma a biya shi duk abin da ya kashe, ya zo da lissafi tun daga kuɗin zance, goron da ya kai ranar tambaya, toshin salla, har wai wani zakara da ya yanka mata da ta haihu. Inna ta ce Baba yana ta saurare yana gyaɗa kai har ya gama, sai ya tambaye shi "zakaran kai ba ka ci ba?" ya ce na ci cinya, ya ce to a cire cinya. Haka ya bi lissafin nan ɗaya bayan ɗaya har ya rage sadaki kawai fam uku, ya ce shi za ta mayar na hul'i, kuma ya yarda ta biya kaɗan kaɗan duk ranar kasuwa daga kuɗin man gyaɗa da ƙuliƙuli. Da ba don haka ba da ba ta auri babanmu ba da ba a haife ni ba. To ni ko titi biyu za a sa masa ban ƙi ba.

Jikar Alkali: Allahu akbar. Hajiya kin sa ni hawaye wlh, mu a gida ba ya ba mu labarin kotu ko kaɗan, sai a bakin mutane muke ji. Abin da na sani kawai kakarmu tana cewa in aka aiko da abu gidan sai ta fara tambaya mai aikowar yana da shari'a ko ba shi da, akwai ragon da ya kwana a ƙofar gida a ɗaure don ta hana a shigo da shi, da asuba Baba ya sa almajiri ya ja shi har gidan mai shi ta tsakiyar kasuwa kowa yana gani.

Jikan Tela: Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa ina ta tunanin in yi shiru ko in yi magana, amma shugaba ya ce kada gobe wani ya ce ba a ji ta bakinsa ba. Ni ban yarda ba. Ban ce ƙarya aka yi ba, duk abin da aka faɗa na yarda ya faru. Amma wannan Baba Alkalin shi ne ya ɗaure kakana wata uku da bulala gab da zaɓen 1964, laifinsa kawai 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU sun yi lacca a ƙofar shagonsa kuma yana ɗinka wa samari tauraro, alamar jam'iyyar, a hula. Aka ce taro ba izini da zagin hakimi. An yi masa bulalar ne a bakin kasuwa ranar kasuwa gaban surukansa, a gidan yari kuma aka sa shi ɗaukar bokitin bahaya. Har ya mutu ba ya cire riga a gaban 'ya'yansa. Yanzu titin da zan bi kullum in je shago, wanda ya bi ta daidai inda aka kwantar da shi, shi za a sa wa sunan wanda ya yanke hukuncin? Ku yi haƙuri.

Direban Legas: Haba malam abin da ya wuce shekara sittin kuma mutum ya mutu, ai sai a bar shi da Ubangijinsa

Jikan Tela: Labarin gamba da zakara ma ya wuce shekara sittin ai, me ya sa shi ba a bar shi ba?

Ɗan Bakin Kasuwa: Kai wannan amsa ta zauna

Malam na Islamiyya: A yi hattara dai jama'a, an umarce mu da ambaton alherin mamatanmu. Amma kuma haƙƙin wani ba wasa ba ne, ban ce ɗan uwa ya yi laifi da ya faɗi abin da ke ransa ba.

Barista: Abin da Jikan Tela ya faɗa ba a garinmu kaɗai aka yi ba, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne. Tun da aka kafa NEPU a Kano a watan Agusta 1950 kotunan alkalai da 'yan doka da gidan yari duk a hannun En'e suke, En'e kuma a hannun sarakuna, sarakuna kuma suna tare da NPC, jam'iyyar da ke mulkin Arewa. Wanda ya kama ka da wanda ya yi maka shari'a da wanda ya tsare ka duk albashinsu daga baitulmali ɗaya yake fitowa. Hajiya Gambo Sawaba sau 16 aka ɗaure ta. Har bayan an kawo kundin Penal Code a 1960, wanda aka tsara a kan samfurin na Sudan aka kuma riƙa tura alkalai kwas Kongo a Zariya don su koye shi, abin bai canza sosai ba don alkalin dai na En'e ne. Sai da soja suka zo, wajen 1967 zuwa 1968 aka karɓe kotunan daga hannun En'e aka mayar da su eriya kotu ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta jiha, aka rufe kotunan sarakuna. To tambayata ga Baba Rajistara, ranka ya daɗe, shi Baba Alkali yana da zaɓi a lokacin ko ba shi da?

Tsohon Rajistara: Barista ka tambaye ni abin da na daɗe ina gudu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ɗana Jikan Tela, ina wurin ranar da aka yi wa kakanka shari'a, ni na riƙe masa takalmi da zai shiga zaure. Abin da ka faɗa gaskiya ne babu ƙari. Da daren da za a yi shari'ar an zo daga gidan hakimi sau biyu, abin da aka so shekara ɗaya ne, mutum bakwai aka kamo. Baba ya sallami huɗu ya ce shaidun ba su haɗa baki a kansu ba, uku ya ɗaure ciki har da kakanka don a ƙofarsa aka yi. Ban faɗi wannan don in wanke shi ba. Yana iya cewa ba zai yi ba, an yi alkalan da suka ƙi aka cire su ko aka jefa su wani lungu, shi bai ƙi ba. Yana da mata biyu da 'ya'ya da almajirai a gaba, ya auna ya zaɓi ya zauna a kujerar. Ranar bai ci abincin rana ba na sani don ni na mayar da kwanon, amma rashin cin abincinsa bai rage wa kakanka bulala ko ɗaya ba.

Jikan Tela: Na gode Baba da ba ka ɓoye ba. Wlh wannan ne karo na farko da wani daga ɓangaren kotun ya ce min eh an yi. Kullum sai a ce ai siyasa ce ta da.

Ɗan Ruga: Ni ban san zancen siyasa ba, mu Fulani ba a tambayarmu a lokacin sai ranar jangali. Amma babana ya ce a duk alkalan da aka yi shi kaɗai ne in shanu suka yi ɓarna yake fara tambaya da dare ne ko da rana, kuma gonar a kan burtali take ko a'a. In da dare ne ba ya ɗaga maka ƙafa sai ka biya, in manomi ne ya nome burtali sai ya ce masa kai ka shiga hanyar shanu ba su suka shigo gonarka ba. Bayansa kam da an ga Bafulatani a kotu an ga saniya.

Malam na Islamiyya: Wannan na dare da rana a cikin Risala yake ƙarara, ɓarnar dare tana kan masu dabbobi, ta rana kuwa masu gona ne ya kamata su tsare. Ba ra'ayinsa ba ne littafi ya bi

Barista: Shine ai malam, inda littafi ya yi magana ya tsaya a kan littafi ko waye, gado ne, hul'i ne, hauzi ne wato daɗewar abu a hannun mutum, i'izari kuwa wato ba mutum damar kawo sauran hujjarsa kafin hukunci ba ya tsallakewa. Inda hakimi ya yi magana kuma sai ya rage muryar littafin. Ni haka na fahimce shi

Jikar Alkali: Barista maganarka ta yi min zafi amma ba zan ce ƙarya ce ba. Yaya Jikan Tela don Allah zan tambaye ka wani abu kada ka ɗauka da wata manufa. Gidanku shi ne na bayan masallacin 'yan tela mai dogon zaure? Don ina ƙarama duk kaka in an kawo hatsi daga gona sai a ware dami biyu a ce na bayan masallaci ne, a kai da magariba, mun sha tambaya su waye a ce mana ba ruwanmu.

Jikan Tela: Gidanmu ne. Na san zancen damin. Kakata ta ce shekarun farko mayarwa ake yi, ɗan aiken ya ajiye a ƙofa kakana ya sa a bi shi da shi. Sai shekarar farin 1973 da rumbu ya ƙare yara suna kuka ita ta karɓa a ɓoye, daga nan kuma ta ci gaba da karɓa. Amma shi bai taɓa ci ba, tukunyarsa daban take yi masa in na gidan alkali ne aka daka. Ya ce mutumin da ya yi masa bulala a bainar jama'a in yana neman gafara ya zo bainar jama'a, ba ya aiko da gero da duhu ba. Bai zo ba har suka mutu su biyun.

Jikar Alkali: Innalillahi. Ban san wannan ba wlh. Ban san me zan ce ba

Maman Biyu: Kai duniya. Ni yanzu jikina ya yi sanyi, mutumin da ya ceci uwata shi ne ya yi wa kakan wani haka

Direban Legas: To wai yanzu fasawa za a yi? Don in sai wanda bai taɓa laifi ba za a sa wa titi to sai dai a bar shi titin tasha. Waɗanda ake sa wa sunayensu a manyan titunan birni ai mun san su

Malamin Firamare: Me zai hana a raba, daga tasha zuwa tsohuwar kotu sunan Baba Alkali, daga kotu zuwa bakin kasuwa a sa titin Sawaba ko sunan tela? Ai kusan rabi da rabi ne

Ɗan Bakin Kasuwa: Titin da bai kai kilomita ɗaya ba za a yi wa suna biyu 😂 masu acaɓa za su sha wahala

Jikan Tela: Malam na gode amma ni ba titi nake nema wa kakana ba, kuma su uku aka ɗaure, sauran biyun jikokinsu suna cikin zauren nan sun yi shiru. Ni dai in za a karanta tarihinsa ranar buɗe titi a karanta har da wannan, kada a tsaya a kan rago da gamba. In an yarda da haka ba zan hana ba, amma ba zan zo ba.

Barista: Baba Rajistara littattafan kotun na lokacin suna nan kuwa? In akwai rajistar 1964 sai a ɗauki hoto a ajiye, ko ba don titi ba

Tsohon Rajistara: Ina fa. Da aka tashi daga tsohuwar kotu aka zuba su a sito, rufin ya yi yoyo gara ta gama da sauran, na yi magana har na gaji. Amma akwai wani ƙaramin littafi nasa mai bangon fata da yake rubuta abin da ya yanke kullum da ajami, iyalinsa suka ba ni bayan rasuwarsa, yana cikin adakata. Ban taɓa neman shafin ranar ba. Ɗana in kana so ka zo ranar Juma'a bayan la'asar mu duba tare, kai da Malam na Islamiyya don idona ba ya ganin ajami yanzu. 'Yata Jikar Alkali ke ma in mijinki ya bar ki ki zo, kayan kakanki ne.

Jikar Alkali: Zan zo Baba in sha Allah, daga Kaduna zan taso ranar Alhamis

Jikan Tela: Allah ya kai mu. Zan zo da babana in ya yarda, shi yana da shekara tara lokacin kuma yana kasuwar ranar.

Shugaban Zaure: To jama'a na kira kansila na ce ya ba mu sati biyu, ya ce ba matsala dama allon ma ba a ba da kwangilarsa ba. Takarda ba za a rubuta ba sai bayan zaman Juma'a. Jikokin sauran mutum biyun don Allah ku neme ni ta waya in ba kwa son magana a nan.

Direban Legas: Kafin nan dai a faɗa wa kansila kwalbatin gaban tasha ta fara zaftarewa tun ba a sa sunan ba